Hanyar Tace Rubutun Turanci ga Mai Jin Hausa a Salaga da Yendi da Bawku

Turanci shi ne harshen hukuma a ƙasar Gana, da shi ake rubuta doka, da shi ake cike takardar banki da ta asibiti, da shi kuma ɗalibi ke amsa kusan dukkan tambayoyin jarrabawar BECE ta ƙarshen ƙaramar sakandare da ta WASSCE ta ƙarshen babbar sakandare, alhali ga mafi yawan mutanen Salaga da Yendi da Bawku wannan harshe shi ne na uku ko na huɗu a jerin harsunan da suka shiga bakinsu. Yaron da ya tashi a Salaga yakan fara da Gwanjanci ko Hausa, na Yendi da Dagombanci, na Bawku kuwa yana iya buɗe baki da Kusasanci ko Mamprusanci ko Bisanci ko Mosanci, sa'annan kasuwa da zango su ba shi Hausa, makarantar allo ta ba shi Larabci, kafin malamin boko ya ɗora masa Turanci a kan wannan kaya duka. Saboda haka kurakuran da ake gani a rubutunsa ba kara zube suke zuwa ba. Kusan kowanensu yana da saiwa a cikin wani harshe da marubucin ya riga ya iya, kuma wanda ya tono saiwar ya fi saurin rabuwa da kuskuren a kan wanda aka shekara ana ja masa layi da jan biro ba tare da an gaya masa dalili ba. Wannan jagora ya jingina ne da Hausa, domin ita ce harshen da garuruwan uku suka yi tarayya a kansa.

Kula da kyawun rubutu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Salaga ita ce kasuwar da fataken Kano da Katsina da Barno suka riƙa nufa domin goron Gwanja, kuma malamai sun biyo ayarin, ciki har da Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, wanda tun yana matashi ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Turanci ne ya makara. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899 ta bar Salaga a hannun Turawan Ingila, ta bar Yendi a hannun Jamusawa har zuwa 1914, kuma sai a 1909 aka buɗe makarantar gwamnati ta farko a Tamale, sakandare ta farko a Arewacin Gana kuwa sai a 1951, alhali makarantar Mfantsipim ta Cape Coast tana nan tun 1876. Wanda ya san da wannan tazara ta shekara 75 ba zai yi gaggawar raina Turancin ɗan Arewa ba, kuma mai koyarwa zai yi asara idan ya manta cewa ɗalibin da ya karanta Ajurumiya, littafin nahawun Larabci, ya riga ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli, ilimin da za a iya gina nahawun Turanci a kansa kai tsaye.

Kafin a taɓa ko da kalma ɗaya, mai gyara yana buƙatar ya san wanda aka rubuta wa takardar, domin Turancin da ake ji a Gana hawa uku ne. Akwai buroka, wato Turancin tasha da bariki da hirar samari, wanda yake da tsarinsa na kansa kuma ba a auna shi da ma'aunin makaranta. Akwai Turancin Gana na masu ilimi, wanda K. A. Sey ya yi nazarinsa a littafinsa na 1973, Kari Dako kuma ta tattara kalmominsa a 2003. Sai kuma daidaitaccen Turanci na rubutu, wanda ake nema a jarrabawa da kotu da takardar neman aiki. Abin da yake kuskure a hawa na uku sau da yawa daidai ne a hawa na biyu, kuma rashin rarrabewa tsakaninsu ne ke sa wasu masu gyara su goge abin da ya kamata a bari.

Misali mafi kusa ga mutumin Yendi shi ne kalmar "enskin", wadda ke nufin naɗa sarki ta hanyar zaunar da shi a kan fata, kamar yadda aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu, sarkin Dagomba a Yendi, a watan Janairun 2019. Baturen Landan bai san wannan kalma ba, amma sashe na 277 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya yi amfani da ita wajen bayyana wane ne sarki, don haka wanda ya musanya ta da "crown" ya ɓata ma'ana, tunda ba kambi ake sa wa Ya Na ba. Haka "outdooring" take ga bikin suna, haka "zongo" da ta shiga sunan asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017. Da yawa cikin irin waɗannan kalmomi ma Hausa ce ta bayar da su: "waakye" daga wake, "koose" daga ƙosai, "tuo zaafi" daga tuwo da zafi, "dawadawa" daga daddawa, "kayayoo" daga kaya haɗe da kalmar harshen Ga mai nufin mace. Ƙa'idar a nan ita ce, idan abin da kalmar ke nuni gare shi na gida ne kuma Turancin waje ba shi da sunansa, sai a bar ta, idan kuma mai karatu baƙo ne sai a biyo ta da ɗan gajeren bayani a karon farko. Ƙamusun Oxford da kansa ya karɓi kalmomi 29 na Turancin Nijeriya a watan Janairun 2020, ciki har da "Kannywood" da "next tomorrow", ko da yake shigar kalma ƙamus ba ya nufin mai duba jarrabawa zai yarda da ita a cikin insha'i.

Idan an gama wannan tantancewa sai a shiga aikin tacewa, kuma sirrinsa shi ne kada a nemi dukkan kurakurai a karatu ɗaya. Marubuci ya fara zubar da abin da ke ransa ba tare da tsayawa ba, ya ajiye takardar na ɗan lokaci, kwana guda idan akwai hali, minti goma idan a zauren jarrabawa ne, sa'annan ya dawo ya karanta ta sau da yawa, kowane karatu da abin da yake farauta. Ribar wannan a bayyane take ga ɗalibi, domin Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952 mai hedikwata a Akra, takan keɓe maki 10 cikin 50 na insha'i ga tsabtar nahawu da rubutu, ana cire rabin maki a kan kowane kuskure, ta yadda kurakurai 20 cikin kalmomi 450 sun isa su cinye rabon gaba ɗaya, kuma jami'o'in Gana ba su karɓar sakamakon WASSCE da ya gaza C6 a Turanci ga mai neman digiri.

Karatu na farko na aikatau ne, wato kalmar da ke ɗauke da aikin jimla, kuma nan ne ya cancanci a daɗe. A Hausa aikatau ba ya sauya siffa saboda mai aikin ko saboda lokaci, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce ke ɗaukar wannan nauyi, shi ya sa ake cewa ya tafi, ta tafi, sun tafi, za su tafi, "tafi" tana nan yadda take. Turanci kuwa a wutsiyar aikatau yake rataya nauyin, kuma mai tunani da Hausa yakan bar wutsiyar fayau, ya rubuta "he sell yam" ko "she go yesterday". Kunne ba ya taimakawa a nan, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, baki bai saba da tarin baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, don haka "missed" da "miss" sukan fito da sauti ɗaya. Ido ne zai yi aikin: a ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, a yi masa tambaya biyu, wa ya yi aikin, kuma yaushe. Idan mai aikin guda ne, ba mai magana ba kuma ba wanda ake yi wa magana ba, aikin kuma na yau da kullum ne, sai aikatau ya ɗauki "s", a sami "he sells". Idan aikin ya wuce sai ya ɗauki siffar shuɗaɗɗen lokaci, a sami "she went", sai fa idan "did" ta riga ta ɗauke nauyin, a nan aikatau ya koma asalinsa, "did not go", domin ba a ɗora alamar lokaci sau biyu.

Waccan ƙaramar kalma ta gaban aikatau tana da wata illa. Tunda Bahaushe ba ya cewa "Amina tafi kasuwa", dole sai ya ce "Amina ta tafi kasuwa", hannu yakan rubuta "Amina she went to the market", alhali Turanci suna ko wakilin suna yake ɗauka, ba duka biyu ba. Ɗan'uwan wannan kuskure yana ɓoye a cikin doguwar jimla, inda "mutumin da na ba shi kuɗi" ke zama "the man whom I gave him the money", kuma gyaran shi ne a cire "him", a ce "the man to whom I gave the money".

Kuskuren da ya fi kowane yawa a bakin masu ilimi ma shi ne na lokaci mai ci. Hausa da "na" ɗin ci gaba take bayyana mallaka da so da ji, ina da babur, ina son aiki, ina jin Hausa, sai marubuci ya ga cewa takwarar wannan a Turanci ita ce "ing", ya rubuta "I am having a motorbike". Turanci yana da rukunin aikatau masu nuna hali tabbatacce maimakon aikin da ke gudana, irin su "have" na mallaka da "know" da "want" da "understand" da "belong", kuma waɗannan ba su karɓar "ing" a ma'anarsu ta asali, don haka daidai shi ne "I have a motorbike", ko da yake "having lunch" daidai ce tunda a nan ci ake nufi. Kalmar "tun" ita ma tana da tarko, domin Hausa na cewa "yana Bawku tun 2015" da lokaci mai ci, Turanci kuwa yana da siffa ta musamman ga abin da ya fara a baya ya kawo yanzu, "he has been in Bawku since 2015", kuma "since" mafari take nunawa, idan tsawon zamani ake nufi, kamar shekara uku, sai "for". Haka nan "yakan" ta lokaci na sabo ta haifar da "he use to go", wadda marubuci ke nufin al'adar yau da ita, alhali "used to" a Turanci al'adar da aka daina take nufi. Manomin da ya rubuta wa banki "I use to sell my yams at Salaga market" yana neman rance, ya gaya wa mai karatu na waje cewa ya bar sayar da doya, abin da yake nufi kuwa shi ne "I usually sell".

Akwai kuma salon labari. Daɗin Hausa ne a jero ayyuka da waƙafi kawai, ya tashi, ya ɗauki kayansa, ya nufi tasha, mota ta tashi, kowa ya yi shiru, amma Turanci ba ya yarda a haɗa cikakkun jimloli biyu masu mabambantan masu aiki da waƙafi tsura, sai an sa aya ko mahaɗi irin "and" ko "but" ko "because". Sakin layin da ya kai layi shida ba aya a cikinsa abin tuhuma ne, a koma a nemi inda mai aiki ya sauya, a datse a nan.

Karatu na biyu na suna ne da wakilinsa. Hausa tana barin suna a tilo idan adadi ya biyo shi, shekara goma, buhu biyar, sidi ashirin, saboda adadin ya riga ya nuna yawa, Turanci kuwa yana tilasta jam'i, "ten years", "five bags", "twenty cedis". A ɗaya gefen kuma Hausa tana jam'inta abin da Turanci ya ɗauka dunƙulalle wanda ba ya ƙirguwa, akwai shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai a ga "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures" da "luggages", har a allunan shaguna. Waɗannan kalmomi Turanci na kallonsu yadda Bahaushe ke kallon gari ko gishiri, ba a ƙirga su sai da mudu, kuma mudunsu shi ne "a piece of", kamar "two pieces of advice". Wani lokaci Hausa ce ke warware matsalar da kanta: duk wanda ya rubuta "one of my friend" ya mayar da ita Hausa zai ji cewa ba a cewa "ɗaya daga cikin abokina", sai abokaina, haka kuma mai cewa "my names are" ya tuna cewa sunana ake cewa ko da sunaye uku za a jero. Wannan dabara ta mayar da jimla Hausa domin gwaji tana da amfani ƙwarai, muddin an san inda harsunan biyu suka dace da inda suka rabu.

Ƙananan kalmomin nan "a" da "the" sun fi ba da wuya, amma Hausa tana da rabin makullinsu. Mai cewa "na sayi rago, ragon ya tsere" ya riga ya san bambanci tsakanin abin da aka ambata yanzu da abin da mai sauraro ya riga ya sani, na farko shi ne "a ram", na biyu mai ɗafin "n" ko "r" shi ne "the ram". Sauran rabin shi ne a riƙe cewa suna tilo mai ƙirguwa ba ya tsayawa tsirara a Turanci, don haka "malami ne" ba "he is teacher" ba ce, "he is a teacher" ce, kuma abin da babu na biyunsa ko wanda kowa a gari ya sani, kamar rana da kasuwa, yana ɗaukar "the" ko da Hausa ta bar shi haka.

Batun "he" da "she" ya sha bamban tsakanin Kano da Arewacin Gana. Bakano yana rarrabe namiji da mace har a kan mota da riga, matsalarsa ita ce kiran mota "she". A Dagombanci da Kusasanci kuwa wakilin suna guda ne, "o", ga namiji da mace, haka abin yake a Tuwi, harshen Asantawa, kuma Hausar zangunan Gana, wadda masana ke kira Gananci, ta sassauta jinsi ƙwarai har ana jin "motan" inda Bakano zai ce "motar". Sakamakon shi ne takarda ta fara da "my mother" ta ci gaba da "he". A hira ba wanda zai ruɗe, amma a bayanin da aka rubuta wa 'yan sanda ko wasiƙar rabon gado wadda ta ambaci mutum biyu, mace da namiji, musanya guda ta isa ta ɗora laifi ko dukiya a kan wanda ba shi ba. Maganin shi ne a kewaye kowane wakilin suna, a ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta.

Karatu na uku shi ne mafi daɗi, domin a nan ne ake ganin Hausa tana leƙowa ta bayan Turanci. Wasu aikatau na Hausa suna da faɗin da Turanci ya rarraba wa kalmomi da yawa. "Ji" ita kaɗai ta ƙunshi sauraro da fahimta da shaƙar wari da ɗanɗano da jin zafi, saboda haka "I hear the smell" da "I don't hear Dagbani" fassara ce ta gaskiya daga tunanin Hausa, amma Turanci yana son "smell" ga ta farko da "understand" ko "speak" ga ta biyu. "Sha" ta ƙunshi ruwa da magani da taba da mangwaro, Turanci kuwa "drink" ga ruwa, "take" ga magani, "smoke" ga taba, "eat" ga mangwaro. Aro ya fi waɗannan haɗari saboda kuɗi ke ciki: Hausa da saiwa ɗaya take cewa na ari keke da ara mini keke, bambancin yana ga siffar kalmar, Turanci kuma kalma biyu ya tanada, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend", don haka "borrow me" ba ta da gurbi, kuma takardar yarjejeniyar da ta ce "he borrowed me five hundred cedis" ba ta fayyace wa alƙali wanda ake bi ba. Baƙo ma haka, wanda aka sani aka yi wa shimfiɗa "guest" ne ko "visitor", wanda ba a sani ba shi ne "stranger". Hannu ya ƙunshi "hand" da "arm", ƙafa ta ƙunshi "foot" da "leg", abin da ke da muhimmanci ga mai bayyana wa likita wurin ciwo. "Ina zuwa" da mutum ke faɗa yana juya baya, wadda ta zama "I am coming" a duk faɗin Gana, ma'anarta a rubutu "I will be back shortly". Kunna da kashewa sun mayar da "on" da "off" aikatau, "off the light", alhali sai an sa "switch" ko "turn" a gabansu.

Kalmomin zumunta suna buƙatar hattara ta daban, ba don Hausa ta gaza ba, sai don kowace al'umma da yadda ta yanka danginta. Ɗan baffa da ɗan kawu 'yan'uwa ne a gida, kuma mutum ba ya ƙarya idan ya kira su "my brothers", amma takardar biza ko ta fansho ko ta inshorar lafiya da "brother" wanda aka haɗa uwa ko uba take nufi, sauran "cousin" ne. "Senior brother" da "junior brother", fassarar wa da ƙane, sun zauna daram a Turancin Gana, amma a rubutun jarrabawa "elder" da "younger" sun fi aminci. Kishiya kuwa, wadda Turancin Gana ke kira "rival", mai karatu na waje zai ɗauke ta abokiyar gaba, kalmar da masana ke amfani da ita ita ce "co-wife".

Amsar tambayar korewa ta cancanci a tsaya a kanta ko da yake a baki ta fi faruwa. Idan aka tambayi Bahaushe "ba ka biya ba?" sai ya ce "i, ban biya ba", domin yana gaskata maganar mai tambaya ne. Bature kuwa abin da ya faru yake dubawa, idan bai biya ba "no" zai ce ko ta wace fuska aka yi tambayar. Wanda ya amsa "yes" kawai ga "didn't you pay?" ya shaida cewa ya biya. Hanya mafi tsira a gaban alƙali ko likita ita ce a cika jimlar, "no, I did not pay".

Karatu na huɗu na ƙananan kalmomin dangantaka ne, waɗanda ɗalibin Larabci ya sani da huruful jarri. "A" guda ta Hausa tana aikin "in" da "on" da "at", kuma babu wata ƙa'ida da za ta wadatar, sai hadda tare da kalmar da suke bi: "at" ga sa'a, "on" ga rana, "in" ga wata da shekara. Wasu aikatau ba su son rakiya sam, don haka a goge ta a "discuss about" da "request for" da "comprise of" da "emphasise on", wasu kuma ba su tafiya sai da ita, kamar "reply to a letter". A wannan karatu ne kuma ake kama ninki: "ko da yake ... amma" daidai ce a Hausa, "although ... but" kuskure ce, ɗaya ake zaɓa, haka "return back" da "can be able" da "so therefore" da "more better". Kwatanci da "fi", ya fi ni tsawo, shi ke haifar da "he is tall than me", inda sifa take buƙatar wutsiyarta, "taller". "Ko ba haka ba?" kuma, wadda ke bin kowace jimla ba ta sauyawa, ita ce uwar "isn't it?" da ake liƙa wa komai, alhali a Turanci wutsiyar tambaya aikatau na jimlar take maimaitawa, "they came, didn't they?".

Rubutun kalma shi ne na ƙarshe, kuma yawancin kurakuransa daga kunne suke. Musanya "p" da "f" ta fi damun wanda ya taso a Kano ko Sakkwato, ɗan Yendi da ya tashi da harshe mai rarrabe su bai cika fama da ita ba. Abin da ke damun ɗan Gana shi ne wasula, domin lafazin ƙasar ya haɗe sautuka da yawa, "lack" da "luck", "match" da "march" da "much", "bed" da "bird", "ten" da "turn". Ga "live" da "leave", da "sit" da "seat", mai jin Hausa yana da gata, tunda harshensa na rarrabe gari na zama da gari na tuwo da tsawon wasali, sai ya ja na biyu ya gajarta na farko. Sauran sai jeri a bango: "their" da "there", "been" da "being", "lose" da "loose", "order" da "other", "taught" da "thought", da "am" da ake rubutawa ba "I" a gabanta, ɗabi'ar da saƙon waya ya yaɗa. Gana tsarin Ingila take bi, saboda haka "advice" da "practice" suna ne, "advise" da "practise" aikatau.

Wasiƙar hukuma tana da nata ladabin. Tarbiyyar Hausa ba ta yarda a faɗa wa babba buƙata ba gaisuwa, shi ya sa wasiƙa ke buɗewa da bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce da ya kamata ta zauna a wasiƙar iyaye da ta sarakuna da malamai. Takardar da za ta je ofishin shugaban majalisar gari a Salaga ko Yendi ko Bawku kuwa girmamawarta a tsari take: adireshin marubuci da kwanan wata, rana kafin wata, sai muƙamin wanda aka rubuta wa da adireshinsa, sai "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai kan magana a layi guda, sai buƙatar kanta a jimlar farko, a rufe da "Yours faithfully", babban baƙi a kalmar farko kaɗai kuma ba alamar mallaka a cikinta, sa hannu a sama, cikakken suna a ƙasa. Manyan kalmomin da ake gada daga tsofaffin wasiƙu, irin su "I humbly crave your indulgence", ba su ƙara wa takarda kwarjini, sau da yawa ma a cikinsu kuskure ke ɓuya, domin marubuci ya ari rigar da bai san wuyanta ba.

Domin kada aikin ya zama na kullum daga farko, marubuci ya tanadi ɗan littafi ya raba kowane shafi gida uku, gida na farko jimlar da ya rubuta ba daidai ba, na biyu gyararriyar jimlar, na uku jimlar Hausa ko ta harshen gida da ta haifar da kuskuren, ya kuma duba littafin kafin ya fara kowane sabon rubutu, tunda kurakuran mutum guda 'yan kaɗan ne masu maimaita kansu. Ƙamusun masu koyo na A. S. Hornby, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948, yana sa alamar U ga sunan da ba ya ƙirguwa da C ga mai ƙirguwa, yana kuma nuna ƙaramar kalmar da ke bin kowane aikatau, abubuwa biyu da ƙamusun aljihu ba ya bayarwa. Ga neman kalma daga Hausa akwai ƙamusun Bargery na 1934 da na Paul Newman na 2007, daga Turanci zuwa Hausa kuma akwai na Roxana Ma Newman na 1990. Mai rubutu a waya ko kwamfuta ya saita manhajar gyaran rubutu a kan Turancin Ingila, ya kuma sani cewa ba za ta ja layi a ƙarƙashin "live" da aka sa a gurbin "leave" ba, tunda dukkansu kalmomi ne, wannan sai ya karanta takardar da ƙarfi, ko ya miƙa wa wani ya karanta masa yana saurare.